Remote Desktop ya daina karɓar asusun da ba shi da kalmar sirri bayan sabunta Windows: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na waɗanda suka saba shiga wata kwamfuta daga nesa ta Remote Desktop ne ba tare da sun rubuta kalmar sirri ba, sai aka wayi gari bayan an sabunta Windows abin ya ƙi. Don kada magana ta riƙa cuɗewa, kwamfutar da kake son shiga za mu kira ta "ta nesa", wadda kake zaune a gabanta kuma "ta hannu". Kusan duk gyaran da ke ƙasa a kan ta nesa ake yin sa, wato sai kai ko wani ya je gabanta. Sunayen saituna da saƙonnin kuskure an bar su yadda suke fitowa a kan allo, domin da su za ka neme su.

Jiya ina shiga lafiya lau, yau ana ce mini "An account restriction is preventing this user from signing in". Me ya lalace?

Galibi babu abin da ya lalace. Windows ta koma kan ƙa'idarta ta asali ne. Tun Windows XP da ta fito a 2001 akwai dokar da ta ce asusun gida, wato wanda aka ƙirƙira a kan kwamfutar kanta, matuƙar ba shi da kalmar sirri, ba a shiga da shi sai mutum yana zaune a gaban kwamfutar. Sunan dokar "Accounts: Limit local account use of blank passwords to console logon only", kuma a kunne take zuwa tun ranar da aka girka Windows.

Saboda haka idan a da kana shiga daga nesa ba kalmar sirri, to wani ne ya taɓa kashe ta, ko kai ko wanda ya haɗa maka kwamfutar, aka kwana biyu aka manta. Babbar sabuntawa kuwa, irin ta tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11, ba ɗan faci ba ce. Sabon tsari ake girkawa gaba ɗaya, a kwaso fayiloli da saituna a zuba a ciki, tsohon kuma a tura shi cikin foldar Windows.old. A wannan ƙaura wasu saitunan tsaro kan iya komawa yadda Microsoft ta tsara su. In kuwa goge komai aka yi aka girka sabuwa fil, babu ma tantama, dokar ta dawo.

Saƙon da kansa yana lissafa dalilai uku: rashin kalmar sirri, taƙaita lokutan shiga, ko wata doka ta daban. A kwamfutar da ba ta ƙarƙashin wata ma'aikata, na farkon ne kusan kullum.

Ni dai ban taɓa rubuta kalmar sirri a kwamfutar nan ba. Ai ke nan ba ni da ita ko?

Ba lallai ba ne, kuma a nan mutane suka fi ɓata lokaci. "Ba ni da kalmar sirri" magana ɗaya ce da ke iya nufin abu uku, kowanne da maganinsa.

Na farko, asusun gida ne wanda aka bar gurbin kalmar sirrinsa fanko tun lokacin ƙirƙira. Shi ne dokar da aka ambata a sama take kamawa.

Na biyu, asusun yana da kalmar sirri, sai dai an saita kwamfutar ta riƙa shigar da kanta duk lokacin da aka kunna ta. Shekaru sun ja, mai ita ya manta cewa akwai wani abu a ƙasa. Wannan ko ka kashe doka sau goma ba zai shiga da fanko ba, domin kalmar tana nan, kai ne ba ka tuna ta.

Na uku shi ne ya yawaita tun zuwan Windows 11 a watan Oktoba na 2021: asusun Microsoft da ake buɗewa da PIN ko zanen yatsa ko fuska. Wajen girkawa Windows 11 tana matsa wa mutum ya haɗa asusun Microsoft ya kuma sa PIN, har wasu ba sa lura cewa tsohon asusunsu na gida ya canza matsayi.

Gane wanda kake da shi ba wuya. A ta nesa, buɗe Settings, ka shiga Accounts, sannan Your info. Idan ka ga "Local account" ƙarƙashin sunanka, asusun gida ne. Idan adireshin imel ka gani, na Microsoft ne. Daga nan ka leƙa Sign-in options ka duba Password: maɓallin "Add" na nufin babu kalmar sirri, "Change" kuma na nufin akwai. Kada ka taɓa kowane saiti kafin ka yi wannan dubawa.

Asusun gida ne, kuma fanko ne. Mece ce mafita mafi dacewa?

Ka sa masa kalmar sirri. An san ba wannan amsa ka zo nema ba, amma ita ce ba za ta sake dawo da kai nan ba bayan sabuntawa ta gaba.

A gaban ta nesa, danna Ctrl da Alt da Delete tare, zaɓi Change a password, ka bar gurbin tsohuwa fanko, ka rubuta sabuwa sau biyu. Ya fi kyau mai asusun ya yi haka daga cikin asusunsa a kan wani mai ikon gudanarwa, wato administrator, ya tilasta masa sabuwar kalma daga waje, domin tilastawar kan raba mutum da fayilolin da ya kulle da EFS, tsarin Windows na kulle fayiloli, da wasu kalmomin sirri da Windows ta adana masa.

Abin da yawanci ke sa mutane gudun kalmar sirri shi ne suna son kwamfutar ta tashi ta shiga da kanta in wuta ta ɗauke ta dawo, ko in ta sake kunna kanta da dare. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma ana biyanta ba tare da barin asusu a buɗe ba. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Autologon cikin kayan Sysinternals na Microsoft. Ka ba ta suna da kalmar sirri, ta adana kalmar a ɓoye, kwamfuta ta riƙa shiga da kanta. Ana iya yin haka kuma da umarnin netplwiz, a cire alamar da ke kan "Users must enter a user name and password to use this computer". A Windows 11 wannan akwati kan ɓuya har sai an kashe saitin da ke tilasta shiga da Windows Hello kaɗai (wato PIN ko zanen yatsa ko fuska), wanda za a yi bayaninsa a ƙasa.

Abu ɗaya za ka sa a rai: da zarar ka shiga daga nesa, allon ta nesa zai kulle. Duk wanda ya zo gabanta daga baya sai ya rubuta kalmar sirrin, ko ya sake kunna ta.

Na ji, amma ina da dalilina na barin sa fanko. Yaya zan mayar da abin yadda yake a da?

A ta nesa, danna maɓallin Windows da R, rubuta secpol.msc, ka danna Enter. Buɗe Local Policies, sannan Security Options. Kusa da saman jerin za ka ga dokar "Accounts: Limit local account use of blank passwords to console logon only". Danna ta sau biyu, zaɓi Disabled, ka danna OK.

A kula, nan ana yawan juya abin. Enabled na nufin hanin yana aiki, Disabled ne ke buɗe hanya.

Wanda ya fi son rubuta umarni sai ya buɗe Command Prompt da ikon gudanarwa ya rubuta:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Lsa" /v LimitBlankPasswordUse /t REG_DWORD /d 0 /f

Lamba 0 tana kashe dokar, lamba 1 tana mayar da ita. Ba abu biyu ba ne, wancan allo na secpol wannan lambar yake juyawa. Bayan haka ka sake kunna kwamfutar don ka tabbatar, sannan ka gwada.

Mene ne haɗarin kashe ta, tunda kwamfutar tawa ce?

Dokar ba ta asusu ɗaya ba ce, ba kuma ta Remote Desktop kaɗai ba ce. In ka kashe ta, duk wani asusun gida da ke aiki a kwamfutar wanda ba shi da kalmar sirri ya zama abin shiga ta netwok, har da hanyar raba fayiloli. Abin da ya rage tsakanin baƙo da teburin aikinka shi ne sanin sunan asusun, sunayen kuwa yawanci User ne ko Admin ko sunan mai kwamfutar. In asusun yana da ikon gudanarwa, wanda ya shiga ya samu komai.

Remote Desktop yana sauraro a ƙofar netwok (port) mai lamba 3389, kuma masu kutse suna da manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai laluben intanet suna neman wannan ƙofa a buɗe. Ta nan masu kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa suka sha shiga. Saboda wannan ne Microsoft ta sa sabbin girke-girken Windows 11 tun 2022 su riƙa kulle asusu na minti 10 bayan an yi kuskuren kalmar sirri sau 10. Amma wannan kariya ba ta tsinana wa asusun fanko komai, domin babu abin da za a yi canke a kai. Gwajin farko ya isa. Kamar ɗaukar mai gadi ne a ce masa ya tsayar da duk wanda makullinsa bai dace ba, alhali ƙofar ba ta da kwaɗo.

Inda abin yake da ɗan sauƙi shi ne kwamfutar gwaji da ba ta haɗe da komai, ko kwamfutar da ke gudana cikin wata kwamfuta wadda uwar ɗakinta kaɗai ke ganinta. Ko a can, ka cire asusun daga rukunin Administrators ka sa shi a Remote Desktop Users, sannan ka buɗe wf.msc, ka nemo dokokin Remote Desktop cikin Inbound Rules, a shafin Scope ka rubuta adireshin ta hannu kaɗai. In kuwa an buɗe 3389 a rauta zuwa intanet, to babu wani dalili da ya kai a bar asusu fanko. Mai buƙatar shiga daga wajen gida ko ofis ya bi ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin wurin daga waje.

Na kashe dokar, ta yi aiki, bayan ɗan lokaci ta koma da kanta. Wa ke mayar da ita?

Galibi kwamfutar tana ƙarƙashin kulawar wata ma'aikata ke nan. Kwamfutocin da ke cikin domen, wato netwok ɗin da ma'aikata ke sarrafawa daga wuri ɗaya, suna karɓo dokoki daga sabar kusan duk bayan minti 90, kuma abin da ya zo daga can yana danne wanda ka saita da hannu. Alamar ita ce a secpol.msc za ka tarar da zaɓin ya dushe ba ya dannuwa. Umarnin gpresult /h rahoto.html zai fitar maka da shafin da ke nuna dokar da ta yi rinjaye da inda ta fito. Kada ka shiga ja-in-ja da ita ta umarnin reg add na sama, ka yi magana da masu kula da kwamfutocin wurin.

Dokar a kashe take, amma yanzu "Your credentials did not work" nake gani.

Wannan saƙo daban ne, kuma ya fi nuna cewa sunan da ake aikawa ne ba daidai ba, ko ana aika wata tsohuwar kalmar sirri ba da saninka ba.

Fara da suna. Sunan da ke fitowa a allon shiga ba lallai ne shi ne ainihin sunan asusun ba, musamman in an taɓa canza shi. A ta nesa ka rubuta whoami a Command Prompt. Zai ba ka sunan kwamfuta da na asusu, da karkatacciyar sanda a tsakani. Kwafe shi yadda yake. A tagar da ke neman bayananka a ta hannu, danna More choices, sannan Use a different account, ka rubuta shi cikakke. Dalili shi ne Windows 11 ta hannu takan cusa asusunta na Microsoft a gurbin da kanta, mutum ya yi ta danna OK bai lura da wani suna ake turawa ba.

Sai tsofaffin bayanai. Rubuta cmdkey /list a ta hannu. Duk layin da ke ɗauke da TERMSRV na Remote Desktop ne. Goge wanda ya shafi ta nesa da cmdkey /delete:TERMSRV/ haɗe da sunanta ko adireshinta, ko ka cire shi daga Credential Manager.

In manhajar waya kake amfani da ita, ka gwada daga wata kwamfuta da mstsc, manhajar Remote Desktop da ke zuwa da Windows, kafin ka yanke hukunci, domin ba kowace manhaja ce ke jituwa da gurbin kalmar sirri fanko ba.

An ce in kashe Network Level Authentication. In kashe?

Network Level Authentication, NLA a taƙaice, ya zo ne a zamanin Windows Vista, aikinsa kuma shi ne tantance mutum kafin ta nesa ta buɗe masa allon shiga. In babu shi, duk wanda ya taɓa ƙofar sai an shimfiɗa masa allo tukuna, sannan a tambaye shi ko wane ne. Amfanin wannan tazara ya fito fili a watan Mayu na 2019, lokacin da aka bayyana ɓarakar BlueKeep mai lamba CVE-2019-0708, wadda ta shafi Windows 7 da waɗanda suka gabace ta. Girman haɗarin ya sa Microsoft ta fitar da faci har ga Windows XP da ta daɗe da daina tallafa wa, kuma kunna NLA yana cikin matakan rage haɗari da aka ba da shawara a lokacin.

Don gwaji na minti kaɗan babu laifi. Ka kashe shi a Settings, System, Remote Desktop. A ta hannu kuma ka adana haɗin a matsayin fayil na .rdp, ka buɗe shi da Notepad, ka ƙara layin enablecredsspsupport:i:0 a ƙasa. Da haka za ka ga allon shiga na ta nesa kai tsaye, ka karanta ainihin abin da take cewa. Amma ka sani kashe NLA ba ya ɗage dokar fanko. In tana kunne, ƙin amincewar zai same ka a can gaba. Da ka gama gwaji ka mayar da shi. Asusu fanko ga kuma NLA a kashe, wannan haɗi ba na bari a kwana da shi ba ne.

Nawa asusun Microsoft ne, da PIN nake shiga. Na rubuta PIN ɗin a Remote Desktop an ƙi karɓa.

Ba za a karɓa ba. PIN na Windows Hello a ɗaure yake da na'urar da aka ƙirƙira shi a kanta, ba ya tafiya ta netwok. Abin da ta nesa ke jira shi ne kalmar sirrin asusun Microsoft, wadda kake buɗe imel da ita. Sunan kuma ka rubuta shi haka: MicrosoftAccount\ sannan adireshin imel ɗin.

Sau da yawa ko kalmar daidai ce sai a ƙi ta, kuma ga dalili. Ta nesa tana gwada abin da ka rubuta ne da abin da ta adana lokacin da aka taɓa shiga da kalmar sirri a kanta. Wanda tun ranar girkawa da PIN yake shiga, ko ya canza kalmarsa a intanet daga baya, bai bar mata abin gwadawa na yanzu ba. Gyaran shi ne a je gabanta, a buɗe Settings, Accounts, Sign-in options, a kashe "For improved security, only allow Windows Hello sign-in for Microsoft accounts on this device". Sai a fita daga asusun, a allon shiga a danna Sign-in options, a zaɓi kalmar sirri a maimakon PIN, a shiga da ita sau ɗaya kwamfutar tana haɗe da intanet. Daga nan ko an koma amfani da PIN, Remote Desktop zai gane kalmar.

Akwai kuma waɗanda suka cire kalmar sirri ɗungurungum daga asusunsu na Microsoft, zaɓin da kamfanin ya buɗe wa kowa a watan Satumba na 2021. Su ba su da abin rubutawa kwata-kwata. Ko su mayar da kalmar sirri daga shafin tsaro na asusun, ko su ƙirƙiri asusun gida na daban mai kalmar sirri don shiga daga nesa. Na biyun ya fi tsafta, sai dai sabon asusu da nasa tebur da nasa fayiloli yake zuwa.

Irin wannan matsala tana fitowa a Hyper-V ma, manhajar Microsoft ta gudanar da kwamfuta cikin kwamfuta, domin yanayin Enhanced session da fasahar Remote Desktop yake aiki. Kashe shi daga View sai ka ga allon shiga na yau da kullum.

Ni ko tambayar suna ba a yi mini. Ya daɗe yana juyawa, sai ya ce "Remote Desktop can't connect to the remote computer".

To taka ba matsalar kalmar sirri ba ce, ba ka ma isa bakin ƙofa ba. A ta hannu buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection, adireshin ta nesa, sannan -Port 3389. In layin TcpTestSucceeded ya nuna False, bi waɗannan.

Duba nau'in Windows ɗin ta nesa da umarnin winver. Bugun Home yana iya shiga wasu kwamfutoci amma shi ba a shigarsa, sai Pro ko Enterprise ko Education. Wannan kan faru bayan girkawa sabuwa fil: kwamfutar da aka saya da Home aka ɗaga ta zuwa Pro daga baya takan koma Home, saboda mai girkawa yana karanta lasisin da masana'anta ta dasa a cikin na'urar. A Home ba za ka samu secpol.msc ba ma.

In Pro ce, duba ko maɓallin Remote Desktop yana kunne a Settings. Duba ko adireshinta ya canza, da ipconfig. Duba ko tana yin barci, domin kwamfutar da ke barci ba ta amsa kira, kuma saitin wuta yana cikin abubuwan da ya kamata a sake leƙawa bayan sabuntawa. Na ƙarshe, duba ko netwok ɗin ya koma Public a maimakon Private, wanda kan sa katangar tsaro ta toshe hanya in dokar Remote Desktop ba ta shafi Public ba.

"The connection was denied because the user account is not authorized for remote login" fa?

Wannan labari ne mai daɗi, domin an gane ka, izini ne babu. Masu ikon gudanarwa suna da shi tun asali, sauran sai an sa su cikin rukuni. Da ikon gudanarwa rubuta net localgroup "Remote Desktop Users" sunan asusun /add. In bai wadatar ba, duba User Rights Assignment a secpol.msc, ka tabbatar asusun ba ya cikin "Deny log on through Remote Desktop Services", domin hani yana rinjayar izini.

Na sa kalmar sirri komai ya daidaita, bayan wasu makonni aka ce dole in canza ta, kuma ba a ba ni inda zan canza ba.

Tsohuwar ƙa'idar Windows ita ce kalmar sirrin asusun gida ta ƙare bayan kwana 42, sai dai in an yi wa asusun alamar cewa tasa ba ta ƙarewa, wanda ya danganta da hanyar da aka bi aka ƙirƙira shi. Da NLA a kunne, wanda kalmarsa ta ƙare ba ya isa allon da ake canzawa, don haka sai a gaban kwamfutar. Tun ranar da ka sa kalmar ka rubuta net user da sunan asusun, ka karanta layin Password expires. In akwai kwanan wata a wurin, buɗe lusrmgr.msc ka sa alama a "Password never expires". In kana son canza kalma kana cikin haɗin nesa, Ctrl da Alt da End ne ke maye gurbin Ctrl da Alt da Delete.

Na adana kalmar sirri don kada in riƙa rubutawa, amma tun sabuntawa kullum sai an tambaye ni.

In saƙon ya ambaci Credential Guard, to daga ta hannu ne. Tun Windows 11 22H2 wannan kariya tana zuwa a kunne a bugun Enterprise da Education a na'urorin da suka cika sharuɗɗa, kuma ba ta yarda a aika kalmar sirrin da aka adana ta wannan hanya. Ka rubuta da hannu. Bai cancanci a kashe kariyar don wannan ba.

Saƙona na maganar "CredSSP encryption oracle remediation" ne.

Tsohuwar magana ce ta 2018. Ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu tana da facin ɓarakar CVE-2018-0886, ɗayar ba ta da shi. Sabunta wadda aka bari a baya, yawanci ta nesa.

Yaya zan san ainihin dalilin ƙin amincewa ba tare da canke ba?

Ta nesa tana rubuta duk yunƙurin shiga da bai yi nasara ba, in an kunna wannan rikodi. Buɗe Event Viewer, Windows Logs, Security, ka tace da lamba 4625. Cikin kowane shigarwa akwai sunan da aka aiko, adireshin da ya fito, da lambobin Status da Sub Status. 0xC000006E na nufin taƙaitawa a kan asusu, irin ta fanko. 0xC000006A kalmar sirri ce ba daidai ba. 0xC0000064 babu asusu mai wannan suna. 0xC0000071 kalmar ta ƙare. 0xC0000234 an kulle asusun. Minti biyu a nan sun fi yini guda ana kashe saituna ɗaya bayan ɗaya.

In ka tarar da ɗaruruwan 4625 daga adireshin da ba ka sani ba, ana gwada sunaye irin su administrator da user, to ƙofarka a buɗe take ga intanet. Rufe ta a rauta kafin ka ci gaba da komai.

Foldojin da nake rabawa su ma sun daina buɗuwa. Matsala ɗaya ce?

Tana iya zama ɗaya, tunda dokar fanko ta shafe su. Amma in ta hannu Windows 11 24H2 ce, wadda ta fito a watan Oktoba na 2024, akwai ƙarin abu: wannan bugu ya tsaurara ƙa'idar raba fayiloli, ya wajabta sa hannun tantancewa a SMB (hanyar da Windows ke raba fayiloli) a Pro da Enterprise da Education, ya kuma hana bugun Pro shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Asusu mai kalmar sirri yana warware duka biyun.

In koma tsohuwar Windows kawai mana?

Ana iya yi cikin kwana 10 da sabuntawa, daga Settings, System, Recovery, Go back, muddin ba a goge Windows.old ba. Amma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma komawa kan tsarin da ya wuce lokacinsa saboda gyaran da bai kai minti biyar ba ciniki ne na asara.

Ta nesa Linux ce ba Windows ba.

Dokar da aka yi ta magana a kai ba ta nan. A Ubuntu 22.04 zuwa sama, Remote Desktop na GNOME, wato teburin aikin Ubuntu, yana da nasa suna da kalmar sirri daban da na asusun, a cikin Settings ake ganinsu. Yana adana su a ma'ajiyar makullai da ke buɗewa da kalmar sirrin shiga, shi ya sa kwamfutar da ke shigar da kanta takan bar ma'ajiyar a kulle, haɗin ya ƙi bayan an sake kunnawa. In kuma da manhajar xrdp ake shiga, ita ainihin asusun Linux ɗin take tantancewa, don haka ka ba wa asusun kalmar sirri da umarnin passwd.

Kwamfutar tana can nesa, babu kowa kusa da ita. Akwai dabarar gyarawa daga inda nake?

In akwai wani asusu a kanta mai ikon gudanarwa da kalmar sirri, shiga da shi ka yi gyaran. In an riga an girka wata manhajar shiga daga nesa irin su Chrome Remote Desktop ko AnyDesk ko TeamViewer, su ainihin allon kwamfutar suke nuna maka, don haka Windows tana ɗaukar shigar tamkar ta wanda ke zaune a gabanta, dokar fanko ba ta tare su. In kwamfuta ce da ke gudana cikin wata, buɗe ta daga tagar manhajar da ke ɗauke da ita.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, sai an taka. Wanda za ka aika ba sai gwani ba. Ya kunna allo, ya shiga, ya danna maɓallin Windows da Ctrl da Q don buɗe Quick Assist. Kai ma ka buɗe naka, ka danna Help someone, ka karanta masa lambar da ta fito, ya rubuta, ya amince ka karɓi iko. In tagar neman izinin gudanarwa ta taso allonka ya tsaya, ka ce masa ya danna Yes daga can.